Kunnen Inna da Bangon Mai Burodi

Da asuba, lokacin da nake wucewa zuwa sito, shi ya riga ya buɗe shago. Ba ciniki yake yi ba, wa zai sayi abin kunne a wannan lokaci? Tafiya yake yi. Zai ajiye waya a kan tebur, ya kunna mata labarai, ya sa sabon hedifon, na'urar jin murya a kunne, a ka, ya fito titi yana takawa a hankali kamar mai neman allurar da ta faɗi. Ya wuce rumfar mai faci, ya wuce famfo, ya zaga bayan tsohuwar motar da ke kwana a bakin kwata. Inda murya ta fara yankewa, nan zai tsaya. Ya ja baya kaɗan, ya sake matsawa gaba. Sannan ya koma shago ya ɗauki alli ya ja layi a jikin kwalin hedifon ɗin: dogo in abin ya kai nesa, gajere in bai kai ba. Da rana tsaka, in titi ya cika da jama'a kowa da wayarsa, sai ya sake wannan tafiya. A cewarsa, abin da ya yi jarumta da asuba sau da yawa rago ne da azahar.

Ji-da-kanka ake ce masa, domin ita ce amsarsa ga kowace tambaya. Wannan yana da kyau? Ji da kanka. Wancan ya fi wannan? Ji da kanka. Ni ɗan dako ne, buhu nake ɗauka daga mota zuwa sito, daga sito zuwa mota, kuma na ji alkawarin bakin mutane har ya ishe ni. Shi ya sa ma zan ba da labarinsa. Ban taɓa jin ya yabi kayansa ba.

Shagon nasa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake. In ya miƙa hannuwa biyu ya taɓa bango da bango. Akwai allo cike da ƙusoshi, kowace ƙusa da hedifon rataye, a ƙasa kuma akwatin adaftoci, 'yan na'urorin nan masu girman kwalin ashana da ake maƙala wa talabijin ko rediyo don su aika murya ta iska zuwa kunne, ba igiya. Shekarunsa sun haura sittin. Yana saurayi ya yi aiki a injin niƙa, a nan kunnensa na hagu ya mutu. Daga nan ya koyi gyaran rediyo, rediyo ya ja baya ya koma sayar da kaset, kaset ya mutu ya koma caja da batir, har ya iso inda yake. In kana masa magana yakan karkato maka da gefen dama, idonsa a kan bakinka. Matarsa tela ce. Ita ke ɗinka wa hedifon 'yan riguna da ƙyallen auduga, saboda fatar bogin da suke zuwa da ita tana ɓarewa in ta sha zufa.

Shekaru ina wuce shi, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Inna ce ta kai ni wurinsa.

Inna mahaifiyata ce. Tun da ƙafafu suka ƙi, duniyarta ta koma daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa gado. Ɗaki biyu muke haya a wani dogon gida mai ƙofofi a jere, ni da matata da yara a ɗaya, Inna a ɗayan, wanda shi ne kuma falo. Da safe kowa ya watse, ni sito, yara makaranta, matata wurin aikinta har azahar. Wanda ke zama da Inna shi ne talabijin. Ta san kowane mai karanta labarai, ta san wanda ya rame da wanda ya yi sabuwar riga. Tana gaishe su, tana yi musu faɗa.

Sai kunne ya fara nauyi. Ta ƙara murya, ta ƙara, har ta kai inda ba sauran ƙari.

Bangon da ke tsakaninmu da maƙwabci bai fi kaurin tafin hannu ba. Maƙwabcin kuwa a gidan burodi yake aiki, kwana yake a gaban tanda, da safe ya dawo ya kwanta. Mai Burodi ba mugun mutum ba ne. Ya fara da sallama da ban haƙuri. Ya koma ƙwanƙwasa bango. Wata rana ya tare ni a bakin famfo, idanunsa jajur kamar gauta, ya nuna mini hannunsa da ya ƙone a jikin tanda saboda gyangyaɗi.

"Maƙwabci, ni fa na san farashin taki, na san yanayin gobe, na san wadda mijinta ya sake ta a wasan kwaikwayon rana," in ji shi. "Barci ne kawai ban sani ba."

Ya kai ƙara wurin mai gidan. Mai gidan bai tsawaita ba. Ya ce kafin ƙarshen wata, ko ƙarar ta fita, ko mu fita tare da ita. Ɗaki a ƙasa, ba matakala, kusa da banɗaki, wanda tsohuwa mai ciwon ƙafa za ta iya zama a ciki, ba a samunsa a kan hanya. Raba Inna da talabijin kuma daidai yake da a rufe ta a akwati. Ko ɗakin, ko abokin hirarta. Abin da ke gabana ke nan.

Na yi abin da mai gaggawa ke yi. A cunkoson motoci na sayi 'yan ƙananan abin kunne, irin waɗanda ake cusawa cikin kunne, tare da adafta, a hannun wani mai talla da ya rantse mini sabon yayi ne. Ya nuna mini wata babbar lamba a jikin kwalin. Na kai gida na haɗa, murya ta fito. Inna ta sa, ta zuba wa mai labarai ido, sai ta fara ɓata rai.

"Kai, wannan bawan Allah lafiyarsa? Bakinsa ya gama magana, muryarsa tana hanya."

"Inna, ai kina ji."

"Ina jin surutu. Ban san me yake cewa ba."

Ta cire ta ajiye. Kafin yamma ɗaya ya faɗa cikin kofin shayinta, ɗayan kuma sai da muka kakkaɓe zanin gado muka same shi. Araha ba ta ado.

Washegari da na tashi aiki na tsaya a ƙarƙashin matakala, na zube masa kayan a tebur, na faɗa masa komai. Ya saurara da gefen dama. Bai taɓa kayan ba.

"Kawo talabijin ɗin," ya ce.

"Baba, talabijin fa ka ce?"

"Kai ba ɗan dako ba ne? Wanda ya wuni da siminti a ka zai ji tsoron talabijin?"

Na je na ɗauko. Inna ta bi ni da ido kamar na ɗauke mata jika.

Ya juya shi ya fara da baya. Ya nuna mini ramuka biyu. Ɗaya zagayayye, ya ce in aka sa adafta a nan, lasifikar talabijin ɗin shiru za ta yi, sai mai hedifon kaɗai zai ji. Ɗayan mai kusurwa huɗu, wani jan haske na leƙowa daga ciki, ya ce in aka sa a nan, lasifika za ta ci gaba da aikinta, mutanen ɗaki su ji a hankali, tsohuwa ta ji da ƙarfi a kunnenta.

"Matarka tana kallo?"

"In ta samu sarari."

"To kada mu kashe wata wutar mu kunna wata."

Sai ya ciro filashi, 'yar na'urar ajiye bidiyo, daga aljihu ya soka a jikin talabijin ɗin. Hoton da ya fito ba komai ba ne illa hannunsa, yana buga ƙusa da guduma a jikin katako. Shi ya ɗauka da kansa. Ya haɗa kayan da na saya a cunkoso, ya ba ni ɗayan da bai sha shayi ba.

"Ji da kanka. Amma ka kalla."

Guduma ta sauka a kan ƙusa. Ta ɗaga. Sannan na ji ƙwas. Ta sake sauka, ta ɗaga, ƙwas. Abin har da ban dariya.

"Kai mai kunne biyu ba zai dame ka ba," in ji shi. "Mu da kunne ya gaza, rabin ji da ido muke yi. Mu kalli baki, mu kama rabin kalma, kunne ya kawo rabin. In rabin nan ya makara, sai a tashi ba ko ɗaya. Tsohuwarka ba rigima take yi ba."

Shekara da shekaru ina zaune da Inna ban lura ba. Sai a lokacin na tuna yadda take cewa in juyo in zan yi mata magana.

Na tambaye shi lambar da ke jikin kwalin, wadda mai talla ya rantse a kanta. Ya ɗan yi tsaki.

"Wannan shekarar haihuwa ce, ba hali ba. Bulutut ɗin nan da ke kai murya ta iska, yanzu yare biyu gare shi, tsoho da sabo. Tsohon sai ya ɗaure murya, ya ɗora a ka, ya kai, ya sauke, ya kwance, irin aikinku na sito. Kafin ya gama, mai magana ya rufe baki. Sabon ya fi shi sauri, bai cika cin batir ba, kuma adafta ɗaya kan iya ciyar da kunnuwa da yawa a lokaci guda. Amma sai mai aikawa da mai karɓa duk sun iya. In ɗaya ya iya ɗaya bai iya ba, sai su koma tsohon yare su yi shiru, ba wanda zai gaya maka. Akwai kwali mai sabuwar lamba da tsohon hali. Akwai adaftar da karɓa kawai ta sani, ba ta aikawa. Ni na daina musu da kwali. Guduma nake tambaya."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Daga nan aiki ya shiga. Ya zaɓi adafta, ya soka a ramin jan haske, ya riƙa sauko da hedifon daga ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya sa, ya karkatar da kai, ya ƙura wa guduma ido. Wasu ya mayar tun bugun farko. A ƙarshe ya tsaya a kan wani fari marar nauyi, sumul, ba maɓalli ko ɗaya a jikinsa. Shafa gefensa ake yi da yatsa, sama ya ƙara murya, ƙasa ya rage. Na sa. Guduma da ƙararta suka sauka tare.

Ranar da na kai kayan gida, Inna ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ta ce mai labarai ya warke. Na kwanta ina cewa an wuce wurin.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Kwana biyu matata ta kira ni ina kan mota da buhu a kafaɗa. Ta dawo ta tarar Inna ta jefar da hedifon a kan gado, ta ƙure muryar talabijin, Mai Burodi kuwa yana dukan bango da takalmi.

Da yamma na tambayi Inna.

"Abin nan da mutanen ɓoye a ciki," ta ce. "Ana cikin magana sai ya yi ƙasa da murya. Wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya. Kuma sai an zo wurin daɗi yake yi. Da gangan ne."

Na sa a kunnena na zauna har labarai suka ƙare, lafiya lau. Na ba matata, lafiya lau. Na mayar wa Inna, ba a jima ba ta cire ta miƙo mini.

"Ga shi nan, ya tafi."

Na mayar masa shago. Ya wuni da shi a ka. Ya yi tafiyarsa ta alli da asuba, ya yi da azahar, ya gwada da guduma, ya bar shi har batir ya ƙare ya sake cikawa. Bai sami komai ba. Wata ya kusa ƙarewa, mai gidan ya riga ya turo wani ya leƙa ɗakin. Na gaji, kafaɗata na ciwo, kuma bakina ba shi da linzami in na gaji.

"Baba, ashe kai ma irin na cunkoso ne, sai dai kai kana da rumfa."

Mai faci da ke gefe ya ce, "Kai, ɗan dako, ji bakinka!"

Ji-da-kanka kuwa ya kalli bakina har na gama, ya naɗe igiyar caji a yatsunsa.

"Yaushe ne hutunka?"

Na faɗa masa.

"Ina ne gidan?"

Ranar hutun, bayan azahar, sai ga shi da jakar buhu a kafaɗa. Ya rufe shago a ranar da ya fi ciniki. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Inna.

"Inna, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya yi sauƙi. Kai ne mai sayar da aljanun?"

"Ni ne, Inna. Na zo in ga wanda ya tsere mini."

"To zauna. Ke, kawo masa ruwa. Ka ga, da na ji an ce mai rediyo, na zaci yaro ne. Ashe kai ma ka sha miya."

"Na sha, Inna, amma ban kai ki ba."

"Wa ya kai ni?"

Ya haɗa komai, ya sa mata farin hedifon a kan ɗankwali yadda ta saba, aka kamo wasan rana. Na zaci bayan talabijin zai koma. A'a. Ya ja kujerar tsuguno ya zauna a gefe, ya ba talabijin baya, ya zuba wa Inna ido. Ni na tsaya a bakin ƙofa ina jin haushin ɓata lokaci.

A cikin wasan wata mata ta kama mijinta da ƙarya. Inna ta gyara zama. Ta ce, "Yawwa! Na faɗa miki!" Hannunta ya tashi ya kai gefen kai, ta ja ɗankwali ta gyara shi, tafin hannun ya shafi gefen hedifon daga sama zuwa ƙasa.

"Ga shi nan, ya fara," in ji ta.

Ya ɗaga mini hannu kada in motsa. Ya mayar mata da murya. Aka ci gaba. Mijin ya fara rantsuwa, Inna ta riƙe haɓa, ta yi salati, hannu ya sake tashi zuwa ɗankwali. Wannan karon ta dafe wurin, abin ya mutu gaba ɗaya.

Ni na san wannan hannun. Tun ina yaro, in magana ta yi zafi, Inna sai ta gyara ɗankwali, ko ya zame ko bai zame ba. A gaban malaminmu ta yi, a gaban likita ta yi. Na gan shi sau ba adadi har na daina ganinsa.

Ji-da-kanka ya juyo gare ni.

"Na gwada talabijin, ban gwada mai kallo ba," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan kuskurensa. Ya jawo jakar buhu.

"Me na yi?" in ji Inna.

"Ba ki yi komai ba, Inna. Abin ne ba ya son a taɓa shi."

"To ya zauna a gidan ubansa. Ni ba zan bar kaina a buɗe saboda shi ba."

Ya fito da guda uku, duk masu maɓalli na gaske, irin wanda sai ka danna ka ji ya ce ƙas. Duk ya riga ya tambaye su da guduma a shago. Na farko ya yi mata nauyi, ta ce kamar an ɗora mata tulu. Na biyu ya matse mata 'yan kunne. Matata ta ce ko a cire 'yan kunnen in za a yi kallo.

"Da su na shiga ɗakin uban wannan," in ji Inna, ta nuna ni da baki, "da su za a fitar da ni. A cire na baƙon dai."

Na ukun baƙi ne, mummuna, kofunansa masu zurfi, 'yan kunne suka shige ciki suka zauna. Ya soka filashinsa, hannunsa da guduma suka fito.

"Inna, ki kalla, ki gaya mini."

Ta ƙura ido. Guduma ta sauka, ta sauka.

"Waɗannan sun shirya," ta ce. "Hannun wa ye wannan? Ya kamata ya yanke farce."

"Zan gaya masa."

Ya ce ta gyara ɗankwali. Ta gyara. Ya ce ta sake, da ƙarfi. Ta ja shi gaba ta ja shi baya har ta fara dariya, murya ba ta motsa ba.

Sauran aikin ƙanana ne, amma bai bar ko ɗaya ba. Ya sa wa kofunan rigunan auduga da matarsa ta ɗinka. Ya ɗiga ɗan gam a kan maɓallin ƙara murya, ya jira ya bushe ya zama ƙullutu, ya kama yatsan Inna ya ɗora a kai don ta gane shi ba sai ta gani ba. Ya kafa ƙusa a bango daidai inda hannunta ke kaiwa daga kan gado, ya ɗaure igiyar caji a jikinta, ya ce in za ta kwanta ta rataye ta soka. Ya nuna wa matata yadda za a ƙara wani hedifon a kan adaftar in wata rana an so, ba sai an sayi wata ba. Sannan ya rage lasifikar talabijin zuwa inda mai lafiyar kunne zai ji a cikin ɗaki kawai. Matata ta yi raɗa cewa a ɓoye rimot. Ya girgiza kai, ya ɗauka ya sa wa Inna a cinya, ya tsuguna inda za ta ga bakinsa.

"Inna, wannan na canja tasha ne. Ƙara murya kuma ga shi a kunnenki."

"Na ji. Ai ni ba kurma ba ce."

Na zaci an gama. Ya sa takalmi, ya ce, "Ina ƙofar maƙwabcin?"

La'asar ta yi, Mai Burodi ya tashi yana shirin fita aiki. Ya buɗe ƙofa da fuskar faɗa, ya ga dattijo, ya sassauta.

"Ɗana, aron gadonka nake so."

"Gadona, Baba?"

"Yanzu zan ba ka abinka."

Ya shiga, ya sake cire takalmi, ya tambayi inda yake sa kai. Ya kwanta a wurin, ya manna kunnen dama da bango, ya rufe ido. Muka yi tsit. Ya daɗe a haka. Sannan ya tashi ya nuna wa mai ɗakin wurin.

"Ji da kanka."

Mai Burodi ya kwanta ya kasa kunne. Ya ɗago ya dube ni.

"Maƙwabci, an kunna kuwa? Inna lafiya take?"

Kafin in ba shi amsa sai muryar Inna ta ratso bango, ita kaɗai, ba kiɗa ba komai, da ƙarfin wanda ba ya jin kansa:

"Kada ki yarda! Ƙarya yake yi, ɗan banza!"

Na ce a raina shi ke nan, an gudu ba a tsira ba. Na dubi Ji-da-kanka, ya buɗe hannuwa, alamar wannan ba ya cikin kayan shagonsa. Mai Burodi yana kwance yana kallon silin. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi.

"Haka take yi kullum?"

"In wasan ya yi zafi," na ce.

"Wannan ai mutum ce. Tawa tsohuwar ma haka take yi wa rediyo. Da wannan zan iya barci." Ya tashi zaune yana goge ido. "Amma don Allah, in matar ta yarda da shi, a gaya mini."

A makon nan ya je da ƙafarsa ya shaida wa mai gidan magana ta wuce. Har yau muna ɗakin. Ƙusar tana nan a bango, rigunan auduga sun koɗe, matata ta ɗinka wasu.

Ba a jima ba aka mayar da sitonmu wancan gefen gari, hanyata ta canja. Da na sake bi ta ƙarƙashin matakalar, takalman sayarwa na tarar a jere a shagon. Mai faci ya ce idon dattijon ne ya fara ba shi matsala, 'yarsa ta zo ta tafi da su shi da matarsa. Maganar da na yaɓa masa a gaban mai faci ba mu taɓa komawa kanta ba, kuma ban ga alamar yana jiran a koma ba.

Don haka ganina da shi na ƙarshe shi ne na ranar nan. Da muka fito daga ɗakin Mai Burodi na ce in raka shi da jakar, ya ce in je in huta da kafaɗata. A bakin ƙofar gida ya tsaya, ya ciro kwalin farin hedifon, wanda ke da dogon layin alli a jikinsa. Bai goge layin ba, domin abin ya kai nesa da gaske. Ya laluba aljihu ya ciro guntun alli, ya dafa kwalin a gwiwa, a ƙarƙashin layin ya zana kan mutum da ɗankwali, ya ja gicciye a kai. Ya hure ƙurar allin, ya mayar da kwalin cikin jaka, ya saɓa ta a kafaɗa, ya bi gefen titi.